Fadar Versailles

Fadar Versailles (da Faransanci: Château de Versailles, ana furta sunan kusan kamar "Barsai") tsohuwar fadar sarakunan Faransa ce da ke garin Versailles, kimanin kilomita 19 yamma da birnin Paris. Ita ce mazaunin sarki da gwamnatin ƙasar daga shekarar 1682 zuwa 1789, in ban da shekaru bakwai na ƙuruciyar Louis na 15. Sarakuna uku ne suka yi mulki daga cikinta: Louis na 14, wanda ya gina mafi yawanta, da Louis na 15, da Louis na 16. Ginin yana da ɗakuna kusan 2,300, faɗinsa ya haura murabba'in mita 63,000, lambuna da dajin da ke kewaye da shi kuma sun kai kimanin hekta 800.

Louis na 14 ya gina fadar ne domin ta zama kayan aikin mulki. A cikinta ya tara manyan masu sarauta da ministoci da masu fasaha a ƙarƙashin idonsa, ya mayar da kusanci da sarki hanyar samun muƙami da dukiya. Wannan tsari ya ɗaukaka sarautar Faransa a idon Turai, amma kuma ya nesanta sarki da talakawansa, har ya zama a Versailles ɗin ne juyin juya halin 1789 ya fara. A yau fadar gidan tarihi ce, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979.

Asali

Kafin ƙarni na 17, Versailles ƙaramin ƙauye ne a tsakiyar dazuzzuka da fadamu. Sarki Louis na 13, wanda ya shahara da son farauta, ya sa aka gina masa ɗan gida a wurin a 1623 domin ya riƙa kwana idan dare ya riske shi a daji. Tsakanin 1631 da 1634 aka sake ginin da jan bulo da farin dutse, kuma a 1632 sarkin ya sayi ƙasar ƙauyen daga gidan Gondi. Fuskar wannan tsohon gini tana nan har yanzu, a kewayen farfajiyar da ake kira Farfajiyar Marmara.

Louis na 13 ya rasu a 1643, ɗansa Louis na 14 ya gaje shi yana da shekara huɗu. Mahaifiyarsa, Anne ta Ostiriya, ita ta riƙe masa sarauta tare da wazirinta Kadinal Mazarin. Daga 1648 zuwa 1653 Faransa ta faɗa cikin tawayen da ake kira Fronde, inda alƙalan babbar kotun Paris da wasu 'yan sarki suka yi wa gwamnati bore. A watan Janairun 1649 aka fice da yaron daga Paris cikin dare zuwa Saint-Germain-en-Laye, kuma a watan Fabrairun 1651 mutanen birnin suka kutsa har gidan sarauta domin su tabbatar ba a sake gudu da shi ba. Masana tarihi da dama suna danganta rashin yardarsa da Paris da kuma manyan masu sarauta da abin da ya gani a waɗannan shekaru.

Ginin fadar a zamanin Louis na 14

Bayan rasuwar Mazarin a watan Maris na 1661, Louis ya sanar cewa ba zai naɗa wani waziri ba, shi da kansa zai riƙe gwamnati. A watan Agustan wannan shekara ma'ajin ƙasa, Nicolas Fouquet, ya shirya wa sarki gagarumar liyafa a sabon gidansa na Vaux-le-Vicomte, gidan da ya fi duk gidajen sarki ƙawa. Ranar 5 ga Satumba aka kama Fouquet bisa zargin cin dukiyar ƙasa, ya kuma mutu a kurkuku a 1680. Mutane ukun da suka yi masa aikin gidan sai suka koma hidimar sarki: magini Louis Le Vau, da mai zane Charles Le Brun, da mai tsara lambu André Le Nôtre.

An fara da lambuna. Daga 1668 Le Vau ya kewaye tsohon gidan ta ɓangarori uku da sabon gini na farin dutse, wanda ya ƙunshi manyan ɗakunan sarki da na sarauniya. Daga 1678 Jules Hardouin-Mansart ya karɓi aikin. Shi ya gina dogayen sassa biyu na kudu da arewa domin 'yan sarki da fadawa, da manyan bargogin dawaki biyu, da gidan ajiye itatuwan lemo lokacin sanyi, da kuma fadar hutu ta Grand Trianon a 1687. Cocin fada ne babban gini na ƙarshe a zamanin sarkin: Mansart ya fara shi, surukinsa Robert de Cotte ya kammala a 1710.

Ranar 6 ga Mayu 1682 sarki ya ƙaura zuwa Versailles tare da fadawansa da gwamnatinsa, alhali ana tsakiyar gini. An ruwaito cewa a 1685 ma'aikata kusan 36,000 ne suke aiki a fadar da ayyukan da suka shafe ta. Haɗurran aiki da zazzaɓin fadama sun hallaka da yawa daga cikinsu.

Zauren Madubai

Ɗakin da ya fi shahara a fadar shi ne Zauren Madubai, wanda aka gina tsakanin 1678 da 1684. Tsawonsa mita 73 ne. Tagogi 17 suna kallon lambu, a bangon da ke fuskantar su kuma akwai bakuna 17 da aka lulluɓe da madubai 357. A wancan zamani madubi kaya ne mai tsadar gaske, kuma birnin Venice ne kaɗai ya ƙware wajen yin sa. Ministan kuɗi Jean-Baptiste Colbert ya kafa masana'antar madubi ta sarki a 1665, ya kuma janyo ƙwararru daga Venice, domin Faransa ta daina sayen kayan daga waje. Wannan masana'anta ita ce tushen kamfanin Saint-Gobain na yanzu.

A rufin zauren Le Brun ya yi zane 30 da ke nuna ayyukan Louis daga 1661 zuwa sulhun Nijmegen na 1678, musamman nasarorinsa a yaƙi da Holan. A sauran manyan ɗakuna an wakilta sarki da gumakan tsoffin Girkawa da Romawa, musamman Apollo mai alaƙa da rana. Louis ya ɗauki rana a matsayin tambarinsa, shi ya sa ake masa laƙabi da Sarkin Rana. Da farko an ƙawata zauren da teburori da kujeru da fitilu na azurfa tsantsa, amma a ƙarshen 1689 aka narkar da su domin biyan kuɗin yaƙi.

Lambuna da matsalar ruwa

Le Nôtre ya shimfiɗa lambunan a kan miƙaƙƙen layi daga gabas zuwa yamma, wanda ya taso daga tsakiyar fada ya bi ta babban tafkin da aka haƙa mai siffar gicciye, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi. An cike fadamu, an baje tuddai, an kuma kwaso manyan itatuwa daga wasu dazuzzuka aka dasa. A tsakanin hanyoyin akwai ƙananan kurmi masu ɗauke da mutum-mutumi da maɓuɓɓugan ruwa, inda ake yin liyafa da kiɗe-kiɗe.

Ruwa ne abin da ya fi gagarar sarkin, domin Versailles tana kan tudu kuma babu babban kogi kusa da ita. Tsakanin 1681 da 1684 aka gina injin Marly a bakin kogin Seine, mai manyan ƙafafun ruwa 14 da famfuna sama da 250, wanda ke tura ruwa sama har kimanin mita 160. A 1685 aka fara haƙa magudanar da za ta kawo ruwan kogin Eure daga nisan kilomita kusan 80, aka sa dubban sojoji aikin. Cuta ta kashe da dama, sannan yaƙin da ya ɓarke a 1688 ya tsayar da aikin, ba a kuma koma kansa ba. Saboda ƙarancin ruwa, masu kula da maɓuɓɓugan kan buɗe su idan sarki ya doso, su rufe bayan ya wuce.

Rayuwar fada da dabarar mulki

Mutanen da ke cikin fadar a kowace rana sukan kai tsakanin 3,000 da 10,000, daga 'yan sarki zuwa dogarai da masu dafa abinci da masu kawo koke. Ƙofar a buɗe take ga duk wanda ya yi shiga ta mutunci. Namiji dai sai da hula da takobi, kuma akan yi hayarsu a bakin ƙofa.

Ranar sarki tana tafiya ne bisa tsari da ba ya canzawa. Wajen ƙarfe takwas da rabi na safe ake bikin tashinsa daga barci, inda fadawa ke shiga ɗakin kwanansa rukuni-rukuni gwargwadon darajarsu, su kalli yadda ake yi masa aski da sa masa tufafi. Daga nan sai addu'a a coci, sai zaman majalisa da ministoci, sai abincin rana, sai farauta ko yawo a lambu. Da ƙarfe goma na dare yakan ci abinci a bainar jama'a tare da iyalinsa, sannan a yi bikin kwanciyarsa. Tun 1701 ɗakin kwanan nasa yana tsakiyar fadar, yana fuskantar gabas.

Ƙananan abubuwa sun zama ma'aunin girma. Wanda ya fi kowa daraja a ɗakin shi ke miƙa wa sarki riga. Riƙe masa fitila lokacin kwanciya alfarma ce da yakan yi wa wanda ya ga dama. Matan da ke da darajar duchesse ne kawai, ban da 'yan gidan sarauta, ke da ikon zama a kan 'yar kujera a gaban sarauniya, sauran kuwa a tsaye suke. Duke na Saint-Simon, wanda ya zauna a fadar ya kuma rubuta tarihin abin da ya gani, ya bayyana cewa sarkin yana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma yakan hana alheri ga wanda ba ya yawan ganin fuskarsa.

Ta haka mai sarautar da a da zai zauna a lardinsa da mayaƙansa ya koma yana neman ɗaki a fada, yana kashe dukiyarsa wajen tufafi da caca, yana jiran muƙami ko fansho daga hannun sarki. Ainihin aikin gwamnati kuwa Louis ya damƙa shi ga mutanen da girmansu ya dogara da shi kaɗai, irin su Colbert, wanda ya fito daga gidan 'yan kasuwa na Reims, da Louvois ministan yaƙi. A larduna kuma wakilan sarki da ake kira intendant ne ke kula da haraji da shari'a da tsaro.

Masana sun sha bamban game da fassarar wannan tsari. Masanin zamantakewa Norbert Elias ya ɗauki fadar a matsayin wurin da aka horar da masu sarauta aka karya ƙarfinsu. Wasu masana tarihi na baya-bayan nan, kamar William Beik, suna ganin ciniki ne tsakanin ɓangarorin biyu: masu sarauta suka ba da biyayya, sarki kuma ya kare musu gata, ya bar su da sassaucin haraji da manyan muƙaman soja da na coci. Mafi yawan masu sarautar Faransa ma ba su taɓa zama a Versailles ba.

Fasaha da al'adu

Tun kafin gwamnati ta ƙaura, Versailles dandalin bukukuwa ce. A watan Mayun 1664 aka yi kwanaki ana shagali a lambun, inda Molière ya fara nuna wasansa Tartuffe, wanda ke yi wa munafuncin addini ba'a. Malaman coci suka fusata, aka hana nuna wasan a bainar jama'a har zuwa 1669. A 1674 aka fara nuna wasan Iphigénie na Jean Racine a Versailles. Jean-Baptiste Lully, ɗan asalin Florence, shi ne shugaban makaɗan sarki, kuma shi ya kafa salon opera na Faransa, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa. Louis kansa gwanin rawa ne a ƙuruciyarsa, kuma ya kafa makarantar rawa ta sarki a 1661.

Gwamnati ta riƙe masu fasaha ta hanyar albashi da cibiyoyi. Masana'antar Gobelins da ke Paris, ƙarƙashin Le Brun, ita ke saƙa dardumomin bango da ƙera kayan ɗakin fada. An kafa cibiyar kimiyya a 1666, da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Comédie-Française a 1680. Manufar Colbert ita ce kayan ƙawa na Faransa su zama abin da Turai za ta riƙa saye, fadar kuma ta zama wurin baje kolinsu.

Sarakunan Turai da yawa sun kwaikwayi Versailles. Daga cikin fadojin da suka ɗauki salonta akwai Schönbrunn a Vienna, da Peterhof ta Sarki Peter na Rasha, wanda ya ziyarci Versailles a 1717, da La Granja a Sifaniya, da Caserta kusa da Naples, da Herrenchiemsee da Ludwig na 2 na Bavaria ya fara ginawa a 1878. Harshen Faransanci ma ya zama harshen fadojin Turai da na huldar jakadanci a ƙarni na 18.

Jakadu da dokoki

A fadar ake karɓar manyan baƙi cikin tsarin da zai nuna musu ƙarfin Faransa. A 1685 shugaban jamhuriyar Genoa ya zo da kansa neman afuwa, shekara guda bayan jiragen ruwan Faransa sun yi wa birninsa ruwan wuta. Jakadun Siam, wato Thailand ta yau, sun zo a 1686, jakadan Sarki Maulay Isma'il na Maroko a 1699, na Farisa a 1715, na Daular Usmaniyya a 1742, na Tipu Sultan na Mysore kuma a 1788. Wani matashi mai suna Aniaba daga Assinie, a gaɓar tekun Côte d'Ivoire ta yanzu, ya zauna a Faransa daga 1688 zuwa 1701, aka yi masa baftisma da sunan Louis, ya kuma yi aikin soja a rundunar sarki.

A Versailles aka fitar da dokar Code Noir a watan Maris na 1685. Dokar mai sassa 60 ta tsara bautar da 'yan Afirka a tsibiran Faransa na yankin Karibiyan, ta ɗauki bawa a matsayin dukiyar da ake saye da sayarwa, ta kuma tanadi yanke kunne da lalas da kisa ga wanda ya yi ta gudu. A watan Oktoban wannan shekara sarkin ya soke dokar Nantes ta 1598 wadda ta bai wa 'yan Furotesta damar yin addininsu. Kimanin mutum 200,000 suka tsere zuwa Holan da Ingila da Jamus da Suwizalan, cikinsu har da ƙwararrun masu sana'a da 'yan kasuwa.

Shekarun ƙarshe na Louis na 14 sun kasance na yaƙe-yaƙe masu tsawo da tsananin haraji. Yunwar 1693 zuwa 1694 ta kashe sama da mutum miliyan ɗaya, mugun sanyin 1709 ya sake jefa ƙasar cikin wata yunwar. Sarkin ya rasu a ɗakinsa na Versailles ranar 1 ga Satumba 1715, bayan shekara 72 a kan karaga, ya bar baitulmali cikin bashi mai nauyi.

Zamanin Louis na 15 da Louis na 16

Wanda ya gaje shi tattaɓa-kunnensa ne, Louis na 15, mai shekara biyar. Mai riƙon sarauta, Philippe na Orléans, ya mayar da gwamnati Paris, sai a 1722 aka dawo Versailles. Louis na 15 ya ci gaba da bukukuwan kakansa amma ba ya son zaman idon jama'a, don haka ya sa aka yi masa ƙananan ɗakuna na keɓe inda yake zama da makusantansa. Farkarsa Madame de Pompadour ta yi tasiri sosai wajen tallafa wa masu fasaha da masana'antar tangaran ta Sèvres. Magini Ange-Jacques Gabriel ya gina ƙaramar fadar Petit Trianon tsakanin 1762 da 1768, da gidan opera na fada, wanda aka buɗe a watan Mayun 1770 domin auren jikan sarki da Marie-Antoinette ta Ostiriya.

Wannan jika ya hau karaga a 1774 da sunan Louis na 16. Ya bai wa matarsa Petit Trianon, inda ta sa aka gina mata ƙaramin ƙauye na shaƙatawa mai gona da tafki daga 1783. Keɓewar da ta yi da 'yan ƙawayenta ya ɓata wa tsoffin gidajen sarauta rai, kuma ƙasidun ɓatanci suka yi ta yawo a Paris a kanta. Badaƙalar sarƙar lu'ulu'u ta 1785, wadda 'yan damfara suka shirya da sunanta ba da saninta ba, ta ƙara zubar da mutuncinta.

A 1778 Louis na 16 ya karɓi Benjamin Franklin a fadar bayan Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurkawa masu neman 'yanci daga Birtaniya. Taimakon ya kai ga nasara a 1783, amma an yi shi ne da rance. Zuwa 1788 kusan rabin kuɗin da gwamnati ke kashewa yana tafiya ne wajen biyan bashi. Abin da fada ke ci bai kai kashi goma cikin ɗari ba, sai dai shi ne ɓangaren da jama'a ke gani da idonsu, don haka Versailles ta zama alamar almubazzaranci.

Juyin juya hali

Domin neman mafita, sarki ya kira babban taron wakilan ƙasa, wanda rabon da a yi shi tun 1614. An buɗe taron a garin Versailles ranar 5 ga Mayu 1789 da wakilai kusan 1,200 na rukunai uku: malaman coci, da masu sarauta, da sauran jama'a. Ranar 17 ga Yuni wakilan rukuni na uku suka ayyana kansu Majalisar Ƙasa. Da suka tarar an kulle zauren taronsu ranar 20 ga Yuni, sai suka shiga wani ɗakin wasan ƙwallo da ke kusa da fada, suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta wa Faransa tsarin mulki. A Versailles ɗin ne majalisar ta soke gatan masu sarauta a daren 4 ga Agusta, ta kuma amince da sanarwar 'yancin ɗan Adam ranar 26 ga watan.

Ranar 5 ga Oktoba dubban matan kasuwannin Paris, waɗanda tsada da ƙarancin burodi suka ishe su, suka tako da ƙafa cikin ruwan sama har Versailles. Rundunar tsaron ƙasa ƙarƙashin Lafayette ta biyo bayansu. Da asubahin 6 ga Oktoba wasu suka kutsa cikin fadar, suka kashe dogarai biyu, sarauniya ta tsira ta wata ƙaramar ƙofa zuwa sashen mijinta. Sarki ya fito baranda ya amince zai koma Paris, kuma a ranar aka tafi da shi da iyalinsa zuwa fadar Tuileries. Tun daga ranar babu sarkin Faransa da ya sake zama a Versailles.

An soke sarauta a watan Satumban 1792. An fille wa Louis na 16 kai ranar 21 ga Janairu 1793, Marie-Antoinette kuma ranar 16 ga Oktoba. An kwashe manyan zane-zane zuwa gidan tarihi na Louvre, kayan ɗaki kuma aka yi gwanjonsu tsawon shekara guda, daga Agustan 1793 zuwa Agustan 1794, a kashi kusan 17,000.

Bayan sarauta

Napoleon ya gyara Grand Trianon ya riƙa sauka a can, amma bai zauna a babbar fadar ba. Sarki Louis-Philippe ne ya mayar da ita gidan tarihin Faransa, wanda aka buɗe ranar 10 ga Yuni 1837. An rushe ɗakunan fadawa da dama domin samar da zauruka, ciki har da Zauren Yaƙe-yaƙe mai tsawon mita 120. An kuma keɓe ɗakuna ga mamayar Aljeriya, inda aka rataye ƙaton zanen Horace Vernet mai faɗin mita 21 da ke nuna harin 1843 a kan sansanin Amir Abdulƙadir.

Ana dab da ƙarshen yaƙin da Prussia ta ci Faransa, a Zauren Madubai aka naɗa Wilhelm na 1 sarkin sarakunan Jamus ranar 18 ga Janairu 1871. A wannan shekara gwamnatin Faransa ta fake a Versailles, daga nan ta murƙushe boren Paris da ake kira Commune, majalisa kuma ta zauna a garin har 1879.

Faransa ta zaɓi wannan zaure domin sa hannu kan yarjejeniyar da ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya da Jamus, ranar 28 ga Yuni 1919. Yarjejeniyar Versailles ta ƙwace wa Jamus dukan ƙasashen da take mulka a Afirka. An raba Kamaru da Togo tsakanin Faransa da Birtaniya ƙarƙashin amanar Majalisar Ƙasashe. Arewacin rabon Birtaniya na Kamaru, wanda ya haɗa da Dikwa da Mubi da tsaunin Mambila, an riƙa gudanar da shi tare da Arewacin Najeriya, kuma bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ya shiga Najeriya. Rabon Birtaniya na Togo ya haɗe da Ghana a 1957.

Fadar a yau

Aikin maido da fadar kamanninta na da ya kankama ne ƙarƙashin Pierre de Nolhac daga 1892. Attajirin Amurka John D. Rockefeller ƙarami ya ba da kuɗi masu yawa daga 1924 domin gyaran rufi da lambuna. Daga shekarun 1950 shugaban gidan tarihin, Gérald Van der Kemp, ya dukufa wajen nemo kayan ɗakin da aka yi gwanjonsu. Guguwar 26 ga Disamba 1999 ta kayar da itatuwa kusan 10,000 a dajin fadar, aka sake dasa wasu da gudummawar jama'a daga ƙasashe da dama. An gyara Zauren Madubai tsakanin 2004 da 2007.

Fadar mallakar gwamnatin Faransa ce, kuma tana karɓar baƙi kusan miliyan takwas a shekara. Har yanzu tana da matsayi a siyasar ƙasar: a wani zaure da ke sashen kudu ne majalisun dokoki biyu ke haɗuwa idan za a gyara tsarin mulki ko shugaban ƙasa zai yi musu jawabi, kuma akan karɓi shugabannin ƙasashen waje a can. A gasar Olympics ta Paris ta 2024, a filin fadar aka yi wasannin dawaki.